Minti Biyar ɗin Direba a Hawan Kibo

Motar hayar da ta taso daga Jos za ta Abuja ta hanyar Akwanga ba ta isa da nauyin da ta taso da shi. Fasinjojin dai su ne, ba a ɗauki kowa a hanya ba, amma kafin a kai Keffi bayanta ya zauna daɓas, but ya ƙi rufuwa sai da igiya, kowa ya ɗora ƙafafunsa a kan buhu gwiwa na taɓa haɓa. Wanda ya san hanyar ba ya tambayar ba'asi. An tsaya a Hawan Kibo ne.

Wurin yana cikin Ƙaramar Hukumar Riyom ta Jihar Filato, daidai inda tudun Jos ke ƙarewa, ƙasa ta fara gangarawa zuwa kudancin Kaduna da Nasarawa. Jos tana zaune a kan tudun da ya ɗara mita 1,200 daga doron teku, Abuja kuwa ko rabin haka ba ta kai ba, kuma kaso mai tsoka na wannan bambanci a cikin kwane-kwanen nan ake sauke shi. Shi ya sa kunnen fasinja ke toshewa yana ta haɗiyar yawu. Kusa da nan magangarar ruwan Assop take, kilomita 60 da 'yan kai daga Jos, gaba kaɗan kuma ga mararrabar da matafiya ke kira Fores, kusa da gandun dajin Nimbia, inda hanya ta rabu: ɗaya ta yi Kafancan, ɗaya ta yi Gwantu da Akwanga.

Tsayin nan shi ne jarin kasuwar. Duk mita 1,000 da aka hau, iska na ƙara sanyi da kusan digiri 6, don haka abin da zafin Kano da Sakkwato ke wahalarwa a nan yake miƙe ƙafa. Mafi yawan dankalin turawan da ake nomawa a Najeriya daga Filato yake fitowa, musamman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, har cibiyar binciken dankalin ma a Kuru aka ajiye ta. Tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka cika da ruwa sun zama na noman rani. Daga nan kabeji da karas da latas da koren wake da koren tattasai da kokwamba ke gangarowa bakin kwalta, su tarar da acca da tamba da fiya da atili da ayaba da kwalaben zuma, duk a jere a gaban mata masu ciniki da Hausar Jos, wadda ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba amma ba ta kuskuren lissafi.

Shugaban taron, wanda ba a yi wa tsawa sai a bayan idonsa, shi ne direba. Da ya sauka daga kwalta ya ja birkin hannu sai sanarwa ta biyo baya: "Minti biyar, jama'a. Wanda bai dawo ba ya hau ta baya." Minti biyar ɗin nan bai cika ƙarewa ƙasa da rabin sa'a ba. A yi masa adalci, tsayawar tana da dalili. Mai gangara yana so ya tabbatar birkinsa na ci, domin a doguwar gangara wanda ya dogara da taka birki kaɗai, bai sa ƙaramar giya ba, birkin kan ɗauki zafi har ya daina kamawa, kuma tirelolin da akan gani kwance a gefen hawan sun isa shaida. Mai hawa kuma lagiretonsa ke neman tafasa. Abin lura kawai shi ne, duk faɗin wurin, motar ba ta samun inda za ta huce sai gaban rumfar mace ɗaya. Kwastomarsa ce. Ya kawo mata mota guda ta masu kuɗi a aljihu, ita kuma ta san abin da ya kamata: ƙullin karas, kabeji biyu, wani lokaci kwanon abincin da ba a maganar kuɗinsa. Shi ne zai fi kowa faɗa cewa lodi ya yi yawa, motarsa ba tirela ba ce. Buhun da aka fara turawa can ƙuryar but tun kafin kowa ya sauko kuwa, nasa ne.

Na farkon sauka shi ne Sarkin Tayi. Wannan bawan Allah ba sayen dankali ya zo yi ba, cin nasara ya zo yi. Tun daga Bukuru yake wasa wuƙarsa, yana gaya wa na kusa da shi cewa matan nan da sun ga fuskar Abuja suke ninka kuɗi, amma shi kam ba a yi masa. Ya isa gaban daro ya tsaya, hannu a baya, fuska a murtuke. Ya ɗaga dankali ɗaya, ya juya shi, ya ajiye da raini.

"Mama, waɗannan 'yan ƙananan nawa?"

Dankalin kuwa kowanne ya cika hannu. A ce ta ce dubu 8.

"Dubu 2."

"Albarka, Alhaji. Ko a gona ba a ba ni haka ba."

"To riƙe abinki."

Sai ya juya ya tafi, irin tafiyar da ba ta wuce taku goma, kunnensa yana baya yana jiran a ce "Zo ka kawo." In an kira shi, ya dawo yana hura hanci. In ba a kira shi ba, nan ake ganin abin tausayi: sai ya tsaya gaban mai lemo yana duba abin da ba ya so, yana satar kallon daron da ya baro. Ya zaga layin kaf ya tarar bakin matan ɗaya ne, don tun safe suke zaune tare, kowacce ta san abin da 'yar'uwarta ta faɗa. Ƙarshenta ya koma wurin ta farko ya biya dubu 6, ya nemi gyara aka jefa masa uku, ya ce a ji tsoron Allah aka ƙara ɗaya. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne kuɗin buhu, da na yaron da ya ɗauko, da kuɗin kayan da direba zai yanka masa a bakin but. Kuma mutumin nan da ya yi gumi cikin sanyi a kan dubu 2, shi ne gobe zai shiga babban kanti a Wuse, ya ga dankali shida a leda da farashi manne a jiki, ya miƙa kati bai ce uffan ba. Mace mai daro kaɗai yake iya nuna wa jarumta.

Hajiya Mai Tsaraba ba ta da lokacin wannan wasa. Ita da jerin saƙo ta zo, a takarda ko a WhatsApp. Abokiyar zama ta ce karas. Maƙwabciya ta ce koren wake da koren tattasai, za ta aurar da 'ya ranar Asabar. Uwar miji ta ce acca, an gaya mata ta fi dacewa da mai ciwon suga. 'Yan ofis sun haɗa kuɗi, buhun dankali guda a raba. Ƙafarta na taɓa ƙasa matan suka gane ta, ko da kuwa ba ta taɓa bin hanyar ba: "Hajiyata! Kin manta da ni? Zo ki ga na yau!" Ba ta yawan magana. Ta ɗaga kabeji ta auna nauyinsa a tafin hannu, ta matsa ta ji tauri, ta karya karas ɗaya ta ji ƙararsa, ta sa a juye daro a gabanta. In shakka ta kama ta sai ta kira mai saƙon ta bidiyo, ta ɗaga kabeji biyu gaban waya tana tambayar wanne, alhali can ɗaya ɓangaren hoton ya daskare tun a sallama.

Gaskiyar magana, irin Hajiya ne ke riƙe da kasuwar, kuma cinikinta ɗaya ya fi na Sarkin Tayi goma albarka. Matsalarta a wajen lodi take farawa, domin kujera ɗaya ta biya. Dankali ya shiga but, kabeji ya shiga ƙarƙashin kujeru, amma tumatir ba a danne shi, latas ba ya son zafin inji. Sai idonta ya faɗa kan ɗalibin da ke gefenta, wanda bai sayi komai ba kuma cinyarsa ba ta aikin komai.

"Ɗana, riƙe mini wannan, Allah ya yi maka albarka. Nan da Keffi ne kawai."

Daga nan zuwa Keffi tafiyar sa'o'i ce, kuma ba a Keffi za ta sauka ba. Wanda aka sa wa albarka ba shi da bakin musu. In lokacin sanyi ne, cikin kayan da zai riƙe har da 'yan robobin sitiroberi, ɗan jan 'ya'yan itacen da ake nomawa a irin su Chaha kusa da Vom, wanda ba ya jure zafi ko matsi. Yadda ya yi kyau a Hawan Kibo ba haka yake isa Nyanya ba, kuma rabin shaidar tana jikin wandon ɗalibin.

Malam Ɗanɗano shi ba ya ɗaukar lokaci a bayani, don ba ya ɗaukar komai a hannu. Ya ɗebi dafaffiyar gyaɗa ya ji ko ta yi gishiri, ya ɓare ayaba ya ji ko ta nuna a kan uwa, ya tsaya wurin mai tsire ya karɓi yanka ɗaya ya ce yajin ya yi yawa, ya karɓi na biyu ya tabbatar. Ya dawo mota yana sakace, yana cewa kayan wurin nan sun lalace, ba kamar da ba.

Kusa da shi a rashin amfani akwai Ɗan Gari. Haifaffen Jos ne, kuma ba ya buɗe baki sai mutum ya biya kuɗi an ɗaure buhu. Sannan ya tambaya nawa aka saya, ya dafe kai, ya ce da an gaya masa tun safe da ya kai mutum kasuwar Farin Gada, inda da wannan kuɗin sai an ɗauko ɗan dako. Yana iya yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma Farin Gada tana can baya, kuma babu direban da zai juya. Aikinsa kawai ya zuba wa mutane ƙasa a gari. In aka bi shi da ido za a ga ya zagaya bayan motar ya sayi nasa a ɓoye.

Sai Masanin Zuma, wanda ya cancanci a tsaya a kansa domin yana da mabiya. Da ya ga kwalaben nan a jere sai ya gyara hula, ya nemi ashana da kofin ruwa da ɗan auduga. Zai ɗiga zuma a ruwa: in ta nutse ba ta watse ba, ta gaske ce. Zai dangwala kan ashana ya ƙyasta: in ta kama, ba a haɗa ta da komai ba. Zai ɗiga a ƙasa ya jira ya ga ko tururuwa za ta zo. Mutane sun kewaye shi, mai zuma ta naɗe hannu tana kallo, don ta ga irinsa da yawa. Abin da Masanin bai sani ba, ko ya sani ba ya so a faɗa, shi ne duk gwaje-gwajen nan kauri da ƙarancin ruwa kawai suke nunawa. Sukarin da aka dafa ya yi kauri shi ma zai nutse, shi ma ba zai hana ashana kamawa ba, tururuwa kuwa ba ta taɓa ƙin zaƙi don na gaske ne ba. Masu binciken abinci a ɗakin gwaji suke rabe wannan. Mafi ban dariya, zuma ta gaske kan daskare ta yi tsaki-tsaki idan ta sha sanyi, halinta ne, kuma sanyi shi ne abin da wurin ya fi arziki da shi. To ita ce Masanin zai ture gefe ya ce an zuba mata sukari, ya zaɓi wadda take garai-garai tana sheƙi, ya sa mutum uku su saya a kan fatawarsa.

Wani nau'in sabo ne, bai fi 'yan shekaru da bayyana ba. Tun ƙarancin takardun kuɗin da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023, har mai sayar da gyaɗa ta mallaki lambar asusu, OPay ko Moniepoint ko PalmPay, wani lokaci a rubuce da gawayi a jikin kwali. Daga nan aka haifi Mai Taransifa. Ba ya yawo da ko sisi, kuma yana alfahari da haka. Ya zaɓi kaya, an ɗaure, an kai but, an danne da na wasu, sannan ya zaro waya.

"Na tura, Mama."

"Ban ga alat ba."

"Ga shi, an cire a nawa."

"An cire a naka, bai shigo nawa ba."

Tsakanin duwatsu sabis na zuwa ne yadda ya ga dama. Sai a ga babban mutum da babbar riga ya hau kan dutse ya ɗaga waya sama yana juyawa gabas da yamma. Daga baya ta bayyana cewa asusun ma ba nata ba ne, na ɗanta ne, shi kuma yana gona, wayarsa babu caji. Mota guda ta tsaya jiran saƙo ɗaya. A ƙarshe ko dai ya je wurin yaro mai POS ya cire kuɗi a caje shi, ya biya sau biyu yana fatan na farkon zai dawo, ko kuma Sarkin Tayi ya ranta masa, wanda hakan ke nufin zai sha wa'azi har Abuja.

Sanyin wurin ma yana da nasa mutanen. Akwai wanda ya ji labarin Jos tun yana gida, galibi ɗan bautar ƙasa daga kudu da aka tura sansanin Mangu, wanda ke sanye da jibgegiyar rigar sanyi da safar hannu da hular ulu da tsakar rana a watan Maris, yana gumi yana ɗaukar hoto da dutse a bayansa. Ya ɗauki kabejin mutane ya rungume ya yi hoto, ya ajiye, bai saya ba. Akwai kuma kishiyarsa, Mai Musun Sanyi, mutumin Sakkwato ko Maiduguri da ya fito da 'yar shara, ya ce shi da ya ga hunturun garinsu wane sanyi za a nuna masa. A watan Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba a tudun nan kan sauko wajen digiri 10 ko ƙasa, iska kuma na kaɗawa ba shamaki, minti uku ke isarsa. Za a same shi a teburin mai shayi ya rungume kofi da hannu biyu, haƙora na kaɗawa, yana cewa ba sanyi yake ji ba, shayin wurin ne aka yaba masa.

A gefen buta kuma wata muhawara ce. Tafiyar ta wuce mil 48 da malaman Malikiyya suka ƙayyade wa ƙasaru, wato wajen kilomita 80, don haka kowa ya yarda raka'a biyu ce. Inda aka rabu shi ne ko a haɗa Azahar da La'asar a nan ko a bari sai Akwanga. Matasa biyu sun tsaya, kowanne da hujjarsa da sunan malaminsa, kowanne ya naɗe hannun riga bai taɓa ruwan ba. Na uku ya tsoma yatsa a buta ya janye, ya fara tambaya a hankali ko akwai wanda ya san sharuɗɗan taimama. Kafin su gama, wani dattijo da bai ce da kowa komai ba ya yi alwalarsa, ya yi sallarsa a kan ɗan buzunsa, ya sayi gasasshiyar masara ya koma kujerarsa.

Mai Tambayar Nama ɗan'uwansu ne. Ya san a Filato kowace al'umma da abin da take ci, don haka ya tsaya gaban tukunya yana tambayar naman mene ne, wa ya yanka, da wace wuƙa. Masu abincin ba sa ɓoyewa, kuma ba sa jin haushi, wadda ta san nata ba nasa ba ne da kanta za ta nuna masa: "Baba, je wurin mai tsire can, ɗan'uwanka ne." Ya je can ma ya yi tambayoyin daga farko, har da sunan garin mai tsiren. Ya ƙare da dafaffen ƙwai biyu da burodi. Gwaten acca mai zafi da ganye, wanda da shi ya ci da ya tuna da tafiyar, ko kallonsa bai yi ba.

Wanda ya fi ban haushi shi ne wanda ya taɓa fita waje, saboda gaskiya yake faɗa. Ya tsaya hannu a ƙugu yana ba da labarin Japan, inda tun 1993 hukuma ta tsara wuraren hutawa na bakin hanya da suke kira michi no eki, yanzu sun haura 1,000, da yawansu a cikin duwatsu. Sharaɗin kowanne shi ne filin ajiye mota da ban ɗaki kyauta dare da rana, ga bayanin hanya, galibi kuma ga kantin da manoman yankin ke kawo kayansu, sau da yawa da sunan manomin a jikin ƙunshin. Ya nuna motocin da suka tsaya rabi a kwalta rabi a ƙasa, ya nuna yara masu talla suna ratsa titi tirela na gangarowa, ya tambaya me zai hana a yi haka a nan. Babu mai amsa, domin babu abin cewa. Kayan da ke gaban matan nan ba su gaza na kowace ƙasa ba. Abin da galibin irin waɗannan kasuwanni namu suka rasa shi ne fili da inuwa da ruwa da makewayi, kuma mata matafiya da masu sayarwar da ke wuni a wurin su suka fi kowa sanin haka. Sai dai laccar ba ta kai ƙarshe, don shayin da ya sha a tasha ya fara aiki. Ya sayi ruwan leda biyu ya bi bayan dutse, inda ya tarar da layi.

Wani lokaci jiniya ke katse komai. Babban mutum ne ya fito daga taro a Jos ko kwas a Kuru, da motoci uku baƙaƙe. Shi ba a ganinsa. Gilashi ya sauka yatsa biyu, wani hannu mai zobe ya nuna, dogari ya sauka. Nan take duk matan suka bar wanda suke ciniki da shi da baki buɗe suka yi can da gudu, farashi ya tashi ba tare da kowa ya yi shawara da kowa ba, kuma dogarin ba ya tayi, don ba kuɗinsa ba ne kuma akwai canjin da ba za a tambaye shi ba. Bayan sun wuce sai an ɗan jima kafin kasuwa ta dawo hayyacinta. Wanda ya yi rashin sa'a ya taya kaya a wannan tsakanin zai ji farashin da aka yi wa mai zobe.

Duk wannan abin da ake yi, akwai wanda bai sauka ba. Mai Sauri ne. Yana kujerar gaba yana duba agogo, yana miƙa hannu yana danna hon ɗin direba, yana sanar da duniya cewa yana da ganawa ƙarfe biyu, kuma wannan rashin mutunta lokaci shi ya hana ƙasar ci gaba. Ya yi faɗa da Hajiya, ya yi faɗa da Mai Taransifa, ya yi barazanar kai ƙara wurin 'yan yuniyon. Sai da kowa ya shiga, aka ɗaure but, direba ya tayar da mota, sannan ya ga ayabar da ke hannun na bayansa, ya tambayi nawa, ya tuna matarsa. "Direba, don Allah minti ɗaya." Shi ake jira a ƙarshe, kullum.

Su ma masu sayarwar ba tafiyarsu ɗaya ba. Akwai 'yar tsere, yarinyar da ke isa tagar mota da faranti tun kafin taya ta daina juyawa, ta bi ta da gudu in ta tashi, canji a hannu. Akwai gwanar jeri, wadda ta iya ɗora manyan dankali a sama su rufe 'yan mitsi-mitsin da ke ƙasa, har wani lokaci gindin daron ma an ɗan buga shi ya shigo ciki. Akwai mai harsuna, da za ta yi wa wannan Hausa, ta yi wa wancan Turancin buroka, ta gaishe da Bayerabe da yarensa, ta juya ta gaya wa maƙwabciyarta da Berom abin da take gani game da su duka. Akwai kuma tsohuwar da ba ta kiran kowa, ba ta rage ko naira, tana juye daronta da kanta kafin a tambaya, kuma direbobi wurinta suke saya wa gidajensu.

Wanda zai yi musu hukunci ya fara sanin lissafinsu. Kayan gwari ba ya jiran gobe: latas ɗin da bai fita yau ba asara ce, tumatir ma kwanansa ƙidayayye ne. Da damina cutar da ke ƙone ganyen dankali kan cinye gona guda cikin 'yan kwanaki. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin kawo buhu daga gona zuwa bakin titi ya tashi. Ga shi matafiya da yawa ba sa son dare ya same su a wannan yanki, saboda rikice-rikicen da ya sha fama da su da kuma halin hanyar, don haka kasuwar ta rana ce, da la'asar ta yi sanyi ciniki ya fara mutuwa. Wannan ne ma ya sa mai wucewa da yamma kan sami sauƙin da Sarkin Tayi ya yi ta haƙilo a kai da safe bai samu ba.

Mai karatun da hanya za ta bi da shi ta nan ya tanadi 'yan canjinsa a hannu da buhunsa daga gida, ya sa a juye daro a gabansa, ya ajiye duk dankalin da ya yi kore ko ya fara tsiro. In ya isa gida ya fitar da sauran daga leda ya baza su a wuri mai iska da duhu, don zafi da gumi ke ruɓar da su, haske kuma ke sa su kore. Kuma in bai yi niyyar sayen komai ba, ya nemi kujerar da ba ta kusa da ta Hajiya.